Tulunan da Kaka ta kife a makewayi

Shekarun baya, a shekarar da na gama sakandare, na yi wani aiki da hannuna wanda har yau yake damuna. Maganar ta wuce, kowa a gidanmu ya daina tayar da ita, ni kaɗai ce ban gama da ita ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Ƙarfi, tsohon gidan ƙasa ne tun na kakanni. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, yayata kuma ta yi aure a Funtuwa, saboda haka mu uku muka rage: ni, da mahaifiyata, da Kaka, wato wadda ta haifi babanmu. A lokacin ina zaman jiran sakamakon jarrabawa, ba aiki sai shara da wanke-wanke da danna waya. A wayar nake ganin hotunan gidajen birni da aka yi wa ado irin na da, bango da zane, randa a gefe, ƙwarya a rataye. Sai in ɗaga kai in dubi namu gidan in ce, to ai mu ne masu abin na asali, me ya sa namu ya fi kowane muni?

Inda ya fi ba ni kunya shi ne makewayi. Katangar ƙasa ce ba rufi, masai a gefe ɗaya, wurin wanka a ɗaya gefen da 'yan duwatsu duk gansakuka. A kusurwar dama kuma akwai wasu tsofaffin tuluna guda uku a kife, ciyawa ta fito ta kewaye su. Tun da na yi wayo nake ganinsu a nan. Ba a ɗiban ruwa da su, ba a matsar da su, in kin zo shara ki zagaye.

Yaya tana da cikin fari, kuma an riga an ce gida za ta dawo ta haihu ta yi wankan jego. Na san dangin mijinta za su zo suna daga Funtuwa, matan nan masu leshi da takalma masu tsini, kuma dole a nuna musu inda za su kama ruwa. Wannan tunanin ne ya hana ni sukuni.

Ana cikin haka aka aiko cewa gwaggona ta Dandume tana kwance ba lafiya, Kaka ta shirya za ta je jinya. Tana ɗaure kayanta na tsuguna gabanta na ce, "Tsohuwa, kafin ki dawo zan gyara makewayin nan, ba za ki gane shi ba."

"Ke? Da wane hannu? Wannan da ko tuwo bai iya tuƙawa?"

"Za ki gani."

"To ki yi abin da za ki yi, 'yar boko. Amma tulunan nan nawa, kada ki taɓa mini su."

"Me ya sa?"

"Haka na ce."

Na yi dariya na ce, "Ko iskokinki ne a ciki?"

Ita ma ta kwashe da dariya har da tari, ta ce, "Ƙwarai kuwa, iskokina ne. Ki taɓa ki gani in ba su shanye miki wannan dogon wuyan ba."

Haka muke da ita kullum, tsokana ce tsakanin jika da kaka. Amma ni maganar ta zauna mini. Na san dangin Kaka can baya Maguzawa ne, har yanzu akwai 'yan uwanta a wata unguwa da ba su yin salla. Sai na haɗa wannan da wancan, na yanke wa kaina cewa tulunan nan ragowar tsafi ne da tsohuwa ta kasa rabuwa da shi. Ni kuwa ga ni da karatun Islamiyya, ga satifiket na zuwa. Har wani daɗi na ji, wai ni ce zan tsarkake gida.

Da na gaya wa mahaifiyata cewa daɓe nake son yi, irin wanda mata ke yi a ɗaki a da, sai ta dube ni ta ce, "Daɓe a wurin wanka? Ina kika taɓa gani?" Na ce zan shafa ɗan siminti a sama inda ruwa ke zuba. Na tambaye ta zancen tulunan, ta ce ita ma haka ta zo ta tarar da su ranar da aka kawo ta gidan, kuma ba ta taɓa tambayar surukarta ba. "Ki dai bar mata kayanta," in ji ta. Na ce to.

Ranar da mahaifiyata ta tafi kasuwar Dayi na ɗaga su. Na yi bismilla, na karanta duk abin da na haddace, na tura na farko da ƙafa. Babu komai a ƙasa sai kyankyasai da wani ƙaton kwaɗo da ya dube ni kamar na shigo masa ɗaki ba sallama. Na yi dariya ni kaɗai na ce, ashe kai ne aljanin. Na farfasa tulunan da taɓarya, na tara tsingaron a kwando.

Sati biyu na yi ina aikin nan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Na kwaso burji, jar ƙasar nan mai tsakuwa, daga bakin hanya, na jiƙa ɓawon ɗorawa ya yi makuba, ruwan nan mai duhu da ake yayyafawa don daɓe ya yi ƙarfi. Na samo madaɓan Kaka a ƙarƙashin gadonta, na kira ƙawayena biyu, muka durƙusa muna bugun ƙasa muna waƙa tun hantsi har azahar. A kusurwar dama na ji bugun yana amsawa daban, kamar ana kaɗa ganga. Ɗaya ƙawar tawa ma ta ce, "Ke, nan wurin yana magana fa." Na ce bai daɓu ba ne, mu ƙara masa. Muka taru mu uku a kansa muka yi ta bugu.

Na jera tsingaron tulunan a ƙasa na yi zane da su. Na shafe bango da farar ƙasa, na fafe alkuki na ajiye sabulu, na kawo randa da moɗa. Kusurwar nan ta fi ko'ina kyau, saboda haka can na mayar da wurin wanka, na kife wani tsohon turmi don zama. Mahaifiyata ta leƙo, ta ga babu tuluna, ta ce, "Ke da kakarki. Babu ruwana." Amma na ga ta tsaya tana kallon bangon, ta ɗan yi murmushi.

Yaya ta zo, ta haifi 'ya mace lafiya. Kaka ba ta samu zuwa suna ba don jikin gwaggo ya tsananta, sai kanwa da yaji ta aiko. Ranar sunan wata daga cikin matan Funtuwa ta fito daga makewayi tana cewa, "Wa ya yi muku wannan? Wallahi kamar a otal!" Har hoto ta ɗauka. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ta kai da kawo a tsakar gida ba aikin komai.

Da yamma Kaka ta kira a wayar ɗan gwaggo ta yi barka. Da aka miƙo mini ta ce, "'Yar boko, an ce kin yi aiki. Ba ki dai taɓa mini tuluna ba ko?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

"To madalla."

Wannan ita ce ƙaryar. Kalma uku. Da na faɗi gaskiya, zagi kawai zan sha, ta ce a ɗauke turmin daga wurin, shi ke nan.

Satin farko ungozoma ce ke yi wa Yaya wanka, daga baya ta koma yi da kanta. Ni ke dafa ruwa a babbar tukunya, in zuba a baho, in kai mata da ganyen bedi, wato darbejiya, safe da yamma. Ga damina ta yi tsakiya, ruwan sama kusan kullum. Ruwan zafi daga sama, ruwan sama daga sama, duk a kusurwa ɗaya. Na ga simintin ya ɗan tsage a gindin turmin, na ce in rana ta fito zan cike.

Ranar kwana na goma sha tara, da safe, na kai mata ruwa na dawo na ɗauki jaririyar. Sai na ji wata ƙara kamar an jefo buhun masara daga kan mota. Daga nan shiru. Sannan ihu, amma ihun daga ƙasa yake fitowa, kamar daga rijiya.

Na ajiye jaririyar na ruga. Babu kusurwa. Babu turmi, babu baho, babu Yaya. Rami ne baƙi, tururi na tashi daga ciki, guntayen itace ruɓaɓɓu sun turo daga gefe. Mahaifiyata ta shigo bayana. Yaya 'yar fari ce, tun da nake ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunanta ba saboda kunya, sai dai ta ce "wannan" ko "yarinyar nan". Ranar ta durƙusa a bakin ramin tana kiran sunan da ƙarfi, tana maimaitawa.

Na fita a guje ba mayafi, na nufi gonar bayan gida inda maza ke zuba taki. Suka zo da gudu, amma da suka ji wanka take yi sai suka cirje a ƙofar makewayi suna kallon juna. Mahaifiyata ta kwance zanenta na sama ta jefa ramin ta ce, "Ku shigo, don Allah ku shigo!"

Wani dattijo maƙwabcinmu, sa'an kakanmu, shi ya hana kowa matsawa. "Ku ja baya, sauran ma zai iya ruftawa. Tsohuwar salga ce. Da ni aka haƙa ta, zurfinta gaba biyu ne. Azara muka shimfiɗa muka zuba ƙasa da ta cika." Sai ya waiga ya ce, "Ina tulunan da aka kife a kai? Wa ya ɗauke?"

Ina tsaye a kan tsingaronsu.

Suka gitta tsani biyu, aka ɗaura wa mutum ɗaya igiya ya sauka. Allah ya taimaka ramin ya daɗe da bushewa kuma ƙasa ta cinye rabinsa. Aka fito da ita, ruwan zafi ya sale mata gefen jiki, turmin kuma ya faɗa mata a cinya ya karya ƙashi can kusa da ƙugu. Tana fitowa abin da ta fara cewa shi ne, "Ina yarinyar? An ba ta ruwa?"

Aka kai ta asibiti a Malumfashi, daga can aka wuce da ita Funtuwa. Wata uku tana kwance. Nononta ya ƙafe, da madarar gwangwani aka raini 'yar, ni ke goyonta.

Kaka ta dawo washegarin ranar da abin ya faru. Ta shiga makewayin ta daɗe, ta fito ta zauna a bakin ɗakinta. Na je na durƙusa ina kuka na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Abin da nake tambayar kaina ke nan tun daga Dandume. Ni a ganina ba a zama da jika a yi zancen salga. Uwarki ma ban faɗa mata ba, suruka ce. Laifina ne." Sannan ta ce, "Amma na tambaye ki a waya."

Ba ta zage ni ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da ba ni goro in kai wa baƙi, tana aikena, tana sa mini albarka. Tsokana ce kawai ta daina yi da ni, har Allah ya karɓi ranta bayan shekara biyu.

An cike ramin da ƙasa da duwatsu, magini ya zo ya yi wani makewayin na bulo a ɗaya gefen gidan. Mummuna ne, amma ko a cikinsa sai na taka da ƙafa ɗaya na saurara kafin in shiga. Haka nake yi a kowane gida, har a gidan aurena. Mijina yana dariya, yana cewa kamar mai shiga kogi.

Mutane kan ce mini ƙaddara ce, kuma na yarda. Amma na san wane ɓangare ne nawa. Na ga abin da ban gane ba a gidanmu, ban bi na tambaya da kyau ba, na ba shi mummunar fassara don in ji na fi tsohuwa sani. Da aka ba ni damar gyarawa kuma, na yi ƙarya don gudun faɗa na minti biyar.

Yaya ta warke, ta ƙara haihuwa biyu, amma ƙafar ta gajarce, tana ɗingishi. Ba ta iya doguwar tsayuwa, in sanyi ya shigo sai an gasa mata ƙugun. Sau ɗaya na nemi gafararta, ta ce, "Ke don wa kika yi aikin? Ba don ni ba? Tashi ki dama mini kunu." Ba ta san zancen wayar ba. Ban iya faɗa mata ba.

Da sallar da ta wuce na je Funtuwa. Muna zaune muna gyaran shinkafa, sai 'yar nan tata, wadda yanzu ta shiga firamare, ta zo ta jingina da ni ta ce, "Anti, wai me ya sami ƙafar Mamanmu? Ita ta ƙi faɗa mini."

Yaya ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Rami na faɗa. Antinki ce ta rugo ta kira mutane suka ciro ni. Ki yi mata godiya."

Yarinyar ta rungume ni ta ce, "Na gode, Anti."

Na ce mata ba komai.