Malam Lawal Ya Tafi Bai Faɗa Mini Abin Da Ya Gani Ba

Ina ɗaura takalmi da safen nan waya ta shigo: Malam Lawal ya rasu. Mota ce ta buge shi a kan babur wajen Dayi, yana dawowa daga Musawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ke damuna ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Tsoro nake ji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin gona ne, tare muke aiki a wani ɗan ofis a Funtua. Muna da manhajar AI da manoma ke yi wa tambaya ta waya. AI ɗin yana da kayan aikinsa: na duba hasashen ruwa, na lissafin taki, na lissafin maganin feshi. Kowanne sai an rubuta masa bayani, me yake yi, yaushe za a ɗauke shi, me za a tambayi manomi tukuna. Abin da ba a rubuta ba, ba ya cikin lissafinsa.

Ni ke rubutawa. Malam ke cewa ya yi ko bai yi ba.

Ba ya karatu a kwamfuta. Sai na buga masa a takarda, ya ɗauko jan biro, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a kasuwa. Daga nan ya ɗago ya ce, "Injiniya, in baƙo ya sauka a tasha yau, bai taɓa riƙe fartanya ba, ka miƙa masa wannan, zai ƙone wa mutum masara ko ba zai ƙone ba?"

Ni ba injiniya ba ne. Tsokana ce kawai.

Akwai lokacin da na rubuta bayanin maganin ciyawa, na cika shi da lita da mililita, ina ta jin kaina. Sai Malam ya goya ni a babur har garin Ƙarfi. Muka tarar da wani dattijo yana awon magani da gwangwanin madara, tankin feshinsa kuma ya fi na maƙwabcinsa girma. Malam ya ce, "To, a ina ka ce masa ya tambayi gwangwani? A ina ka ce ya tambayi tanki?" A hanyar dawowa ya saya mini rake, bai sake tayar da maganar ba, ko a gaban ogan ofishinmu.

Ranar Laraba muka rabu. Na ba shi sabon bayani, na ƙwayar da ake sa wa buhun wake don ƙwari. Kaka ta yi, mutane sai tambaya suke. Ya karanta sau biyu, bai ja layi ko ɗaya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ya ce, "Kada ka kunna wannan. Akwai abin da babu a ciki, kuma rai ake magana, ba masara ba. Bari in je Musawa in ga yadda suke yi da idona, in na dawo mu zauna."

Na ce, "Malam, ka ɗan faɗa mini mana."

Ya ce, "Gaggawarka ta yi yawa, Injiniya."

Ke nan.

Tun safe na karanta bayanin nan ya fi a ƙirga. Adadin ƙwaya yana nan, girman buhu yana nan, kwanakin da za a jira kafin a ci suna nan. Ban ga aibu ba, kuma wallahi rashin ganin ne ke firgita ni. Ranar Litinin ake so a kunna shi, yanzu kuma sa hannuna kaɗai ya rage.

Da muka dawo daga maƙabarta na biya gida in gaishe da Inna. Ina zaune bakin gadonta sai idona ya kai bayan ƙofa. Buhun wake biyu, an ɗaure bakinsu. Na ce, "Inna, an sa wa waɗannan magani?" Ta ce, "Jiya ƙaninka ya sa. Nan ɗin ya fi, ɓera ba ya shigowa."

A ɗakin take kwana, da jikokinta biyu.

Ni da kaina na ja buhunan waje, don iskar guba ƙwayar nan ke fitarwa. Babu inda na rubuta wa AI ya tambayi mutum a ina buhun zai kwana.

Wataƙila abin da Malam ya gani ke nan. Wataƙila kuma wani ne daban, wanda har yanzu ban gani ba. Babu wanda zan tambaya.

Ba zan kunna shi ranar Litinin ba, ko me oga zai ce.

Allah Ya jiƙan Malam Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa rayukan da ya tsare ba tare da masu su sun sani ba su zame masa hujja. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, kada Allah Ya sa wani ya kwanta bai tashi ba saboda layin da na manta.