Hannun Rigar da Ya Maƙale a Ƙarƙashin Allura

Maigidana ɗan sanda ne, amma ba irin wanda kuke gani a titi yana tsayar da motoci ba. Tun da babur ya karya masa gwiwa, shekara goma sha tara ke nan, aka damƙa masa makullin sito, wato ɗakin da ke bayan caji ofis inda ake ajiye kayan tsintuwa da waɗanda aka ƙwato daga hannun ɓarayi. Abokan aikinsa Saje Makulli suke ce masa. Ni a gida Malam nake ce masa, in ya ɓata mini rai kuma in ce mai gadin tarkacen mutane.

Ku zo ku ga siton nan. Babura sun jingina da juna, ga fankoki, ga katifu, ga wayoyi cike da kwali uku. Kowanne da 'yar takardarsa ɗaure da zare: ranar da ya shigo, inda aka samo shi, wanda ya kawo shi. Duk Litinin sai ya kakkaɓe su, ya ɗiga wa masu tsatsa mai. Mutumin da bai san inda tsintsiyar gidansa take ba fa. Ƙa'idarsu ita ce, in kaya ya yi wata shida mai shi bai zo ba, a kai wa alƙali takarda ya sa hannu, a yi gwanjonsa a harabar ofis. 'Yan unguwa sun ɗauka mai wannan makulli ya yi sallama da talauci. Ni ce shaida, ko cokali bai taɓa shigowa gidana daga ɗakin nan ba.

Wata rana na kai masa abincin rana, na tarar yana goge wani keken ɗinki. Ni ma ɗinki nake yi a gida, kuma nawa keken ya tsufa, sai na lallashe shi kafin ya ja zare. Da na ga wancan, baƙi wuluk yana sheƙi, wallahi raina ya biya.

“A ɗakin wani ɓarawo aka samo shi,” in ji Malam. “An yi cigiya, shiru. Alhamis ta sama za a yi gwanjonsa.”

Nan take na gama tsara komai: ƙanena zai je ya taya, ba wanda zai ce matar Saje ce ta saya. Da na kame bakina, da yanzu keken yana ɗakina. Amma tela ba ya ganin ɗinki ya yi shiru. Akwai wani ƙyalle a ƙarƙashin allurar, kore mai ratsin fari, ɗinkin ya tsaya a tsakiya.

“Ai wannan hannun riga ne,” na ce. “Rigar 'yan makaranta. Kuma mai shi ya iya aiki, dubi yadda yake komawa baya sau uku a farkon layi.”

Ya dube ni, ya dubi ƙyallen. Na san kallon nan sarai, na kuma san na yi wa kaina. Ya buɗe rajista, ya rubuta cewa Saje ya fitar da ƙyalle guda, ya sa hannu, shi ya bayar shi ya karɓa.

Saura kwana tara. Kullum da ya tashi aiki sai ya kama hanya da gwiwar nan tasa, makaranta zuwa makaranta. A ta huɗu ya dace da masu sa koren yadin, shugaban makarantar ya lissafa masa teloli bakwai da ke yi musu ɗinki. Biyun farko da suka ga kaki sai suka ce ba su taɓa ganin yadi mai kama da shi ba, alhali ga shi can rataye a bayansu. Washegari ya tuɓe kakin, ya tafi da kayan gida.

Ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi ina faɗa. “Malam, an yi cigiya, ka fita haƙƙi. Me kuma kake nema?”

“Cigiyar takarda ce a bangon ofis. Wanda bai zo ba, yaushe zai karanta?”

“To ni kuma fa?”

“Ki yi haƙuri. Mutum yana tsakiyar ɗinki aka raba shi da abin sana'arsa. Ke za ki iya taka keken nan?”

Na ce tsaf zan iya. Ya yi dariya, ni kuwa na ƙara wa ruwan zafi.

Wani tsohon tela ne ya gane hannun. Ya ce ɗinkin matar wani marigayi mai walda ne, tun da aka yi mata sata ta bar unguwar, ta koma wajen yayarta tana wankau. Ranar Laraba Malam ya samo ta.

Alhamis da safe dillalai sun cika haraba, suna ƙwanƙwasa babura. Ni ma ina nan da ƙanena, ba zan ɓoye muku ba, ban fid da rai ba. Sai ga Malam da wata siririyar mata rungume da leda. Ta gaya wa ogan ofishin cewa ta kai ƙara tun ranar satar, amma a ofishin da ke kusa da tsohon gidanta, takardar ba ta taɓa isowa nan ba.

“Ina rasit?” in ji Oga.

Ta ce mijinta ne ya saya mata tun tana amarya, ba ta san inda rasit ya shiga ba.

“Saje, kowa zai iya cewa nasa ne. Keken nan yana cikin takardar kotu.”

“Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar,” in ji Malam. “Baiwar Allah, kwance ledar.”

Ta fito da jikin riga, da ɗaya hannun, da ragowar yadin da aka yanko su. Wata bakwai tana ajiye da su. Oga ya jujjuya su, ya ce shi bai san kan ɗinki ba, ko akwai wanda ya sani a nan? Malam, bawan Allahn nan, duk cikin taron, ni ya nuna.

Na ji haushi. Na shimfiɗa ragowar yadin a tebur, na kanga ƙyallen siton a gefensa. Yankan almakashi ya haɗu, farin ratsi ya bi ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Na juya ɗaya hannun rigar, ga komawa baya sau uku. Na ɗaga kai na dubi keken, na dubi matar. Idonta ba ya kaina, yana kan keken.

“Nata ne, ranka ya daɗe,” na ce.

Oga ya ja layi a takarda, ya rubuta cewa mai shi ta bayyana. Malam ya tsinke zaren 'yar takardar da hannunsa. Kafin a ɗora keken a mota, matar ta roƙi kujera. Ta mayar da ƙyallen ƙarƙashin allura, ta taka, layin ya kai ƙarshe. Ta ce rigar 'yarta ce, ta riga ta yi mata kaɗan, amma ba ta son barin ɗinki a tsakiya. Na juya baya don kada ƙanena ya ga idona.

Da yamma Malam ya shigo da 'yar kwalbar mai. Kafin in buɗe baki ya nuna mini rasit ɗin kanti, don in san ba na sito ba ne. Sannan ya durƙusa da gwiwar nan tasa a gaban tsohon kekena, ya ce in nuna masa inda yake ƙara.