Motar Baba Gana Da Ba Ta Da Baya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha shida ga watan Afrilu na 1985, a ƙarshen Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanen mahaifina, Malam Mustafa makaniki na unguwar Birni a nan Damagaram, wanda mu yaran gida muke kira Baba Gana. Kwana tara ya yi yana fama da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ina lakwal, makarantar boko, aka aiko. Mushe, malaminmu, ya kira sunana a tsakiyar darasi, ya ce in tattara kayana in tafi gida, bai yarda mun haɗa ido ba. Tun daga nan na sani.

Ni ce Lubabatu, ɗiyar Malam Garba, yayan marigayin. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya buɗe baki cikin mutane, shi ya sa na rubuta. Baba Gana, da kai zan yi magana, ko da yake na makara.

Mutanen gari sun san ka a garaji, kana kwance ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, ƙafafunka kawai ake gani. Mu na gida mun san ka da ƙananan motocinka. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a wancan farin na farko, wani Ba'amurke mai haƙar rijiyoyi ya kawo maka motarsa ka gyara, da zai tafi ya bar maka mujallu uku cike da hotunan motocin ƙasarsu, masu dogon hanci da faɗin ƙirji, waɗanda ka ce injinsu silinda takwas ne. Ba ka taɓa ganin ko ɗaya da idonka ba. Amma ka zauna da almakashin kwano da dalma ka ƙera su ɗaya bayan ɗaya, kowace tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba. Kamaro ja, Caja baƙa, da wata ruwan lemo da na kasa riƙe sunanta har yau. Guda goma sha ɗaya ka gama.

Ba ka son a ce da su abin wasa. Idan baƙo ya faɗi haka, sai ka buɗe masa ƙofa, ka ɗaga murfin inji, ka murza sitiyari ya ga tayoyin gaba sun juya. Jikinsu na gwangwanin mai ne. Gilashinsu tsohon fim ɗin hoton ƙirji ne da kake roƙo a asibiti ka wanke shi ya yi garau. Tayoyi daga tsofaffin silifa kake yanko su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne awo. Ka ce ka san faɗin ƙarfen taya na gaske, don haka daga taya kake fara auna hoto, sauran jikin motar duk ya fito daga nan, sannan ka raba komai gida ashirin da huɗu. A lakwal lissafi ba ya shiga kaina, amma a ɗakinka na gane abin da ake nufi da rabawa.

Ka lura hannuna ba ya rawa, sai ka riƙa ba ni siririn burushi in ja layukan fenti a gefen mota. Muna iya yin yamma guda ba wanda ya ce uffan. Kai ka sa mini suna Madam Shiru, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa cewa in riƙa sakin jiki ba.

Da damina ta ƙi bara, danginmu na Durum suka iso da ƙunshin tsummansu, ba akuya ko ɗaya a bayansu. Ɗakin aikinka ka share musu, ka mayar da motocin kan katako a ɗakin matarka, Ya Kellu. Gwangwanaye manya da ka yi shekaru kana tarawa, masu laushi da kake cewa sun fi daɗin lanƙwasa, ka ga matan ba su da abin ɗebo ruwa, ka sa musu mariƙin waya ka raba musu duka. Ina tuna wata ƙaramar yarinya cikinsu da ta ƙi shan kunun jar dawar taimako, ta rame har kanta ya yi mata nauyi. Ka sauko da Kamaro, wadda ko mu ba ka bari mu taɓa, ka ɗora ɗan ludayi a kanta, ka tuƙo ta a kan tabarma kana ƙugin inji da bakinka, ka ce taimako ya iso daga Amurka, a buɗe sito. Ta buɗe baki. Haka ka yi ta yi mata har ta miƙe. Ya Kellu ta ce a watannin nan rabin tuwonka kake ci, kana cewa zafi ya hana ka cin abinci. Likita ya ce da jikinka na da ƙarfi da wataƙila ciwon bai kayar da kai ba. Allah ne masani.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Akwai ta goma sha biyu, Mustan, shuɗiya, wadda ka fi so. Hotonta a mujalla gaba da gefe kawai ya nuna, shafin da ke biye an yage shi tun kafin ta zo hannunka. Ka ƙera ta tun daga hanci har ƙarshen tayar baya, ka tsaya. Shekara huɗu tana nan bayanta a buɗe. Ka tambayi direbobin da ke zuwa Kano da Yamai, ba wanda ya taɓa cin karo da irinta. Abokinka Alkasum, mai ƙera fitilu a Kasuwar Dole, yakan tsokane ka ya ce ka liƙa mata bayan Fijo ka huta, wa zai gane a duk Damagaram? Kai kuwa ka ce kai za ka gane, kuma kai ne za ka riƙa kallonta kullum.

Ni kuma ina da abin da nake ɓoyewa. Ina karanta littattafan soyayya na Faransanci masu hotuna, waɗanda muke kira roman. Ƙawata Hajjo ke aro mini daga wurin yayarta, ina sa su cikin bangon kaye, littafin rubutun makaranta, don a ɗauka darasi nake yi. A watan Disamba ina karanta wani, na juya shafi, sai ga mota an ɗauko ta daga baya. Sunanta a rubuce a kan but. Fitilu uku-uku a tsaye kowane gefe, da murfin mai zagayayye a tsakiya mai hoton doki. Ita ce. Amma a gefen but ɗin akwai saurayi da budurwa a tsaye, sun rungumi juna, bakinsu a haɗe.

Ta yaya zan miƙa wa ƙanen ubana irin wannan hoto? Na sa shi a jaka na zo ɗakinka sau uku, sau uku na koma da shi. Na yi tunanin yanke shafin, amma littafin ba nawa ba ne, kuma na san za ka tambayi inda na samo. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na kwafi bayan motar da fensir a takarda, na kawo maka. Ka daɗe kana kallo, har ka ɗauko ma'auninka. Sannan ka ce a ina na ga wannan. Kunya ta rufe ni, na ce ban gani a ko'ina ba, a raina na zana.

Ka ajiye ma'aunin, ka yi dariya, ka ce, “Zane ya yi kyau, Madam Shiru, amma ni ba na ƙera mafarki. Ranar da kika ga hoto ki kawo mini.”

Daga nan hanya ta toshe mini. Da can kunyar hoto kawai nake ji, yanzu ga ƙarya a kai. Na roƙi Hajjo ta bar mini littafin, ya yi wata huɗu a ƙasan akwatina. Kullum ina cewa gobe. Da ka kwanta na ce sai ka warke, kada in dame ka da shirme. Ranar da na kai maka kunu kana kwance, Mustan tana kan katako saitin kanka, ka kalle ta ka ce mini wannan kam ta fi ƙarfinka. Littafin yana gida, tafiyar da ba ta kai a tafasa shayi ba. Na sunkuyar da kai na fito.

Bayan sadakar bakwai, babana da malamin da zai raba gado suka shiga duba abin da ka bari. Ina bayan ƙofa na ji sun ce goma sha ɗayan nan za a lissafa su cikin kayan magada. Ta ƙarshen kuwa, babana ya ce ba a gama ta ba, a haɗa ta da ragowar kwano a kai wa Alkasum ya yi fitilu. Ba mugunta ba ce, shi a idonsa gwangwani ne da aka fara yanka. Na san idan na yi shiru wannan karon ma, kafin Juma'a an daddatsa ta.

Ban iya tunkarar babana ba. Na ɗauki littafin na shiga wurin Ya Kellu, tana zaune kan tabarmar takaba. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga Disamba har zuwa ƙaryar, ban ɗaga kai ba. Na buɗe shafin na ajiye a gabanta. Na jira faɗa. Ta jawo littafin kusa da idonta, ta dubi hoton, ta ɗaga kai ta dubi motar da ke kan katako, ta sake duban hoton. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan mutanen nan biyu. Suka ɓace. Mota kaɗai ta rage.

Ta ce, “Lubabatu, ai da haka kika yi.”

Ni da na yi wata huɗu ina juya abin a raina, ban taɓa tunanin yatsa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma ta aika aka kira babana, ta yi masa magana daga bayan labule. Ta ce shuɗiyar nan a sa ta cikin tumuninta na gado, yadda take, kada kowa ya taɓa ta. Ya ce ai ba ta da baya. Ta ce ta sani, shekara huɗu suna gida ɗaya. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci littafi ba. Don haka, babana Malam Garba, idan wannan takarda ta zo hannunka, daga gare ni ka fara ji, kuma duk hukuncin da ka yanke a kan littattafan na karɓa.

Motar ta tsira, amma ba wanda zai gama ta. Alkasum ya ce shi hannunsa na fitila ne, ba zai ɓata aikin abokinsa ba. Ni layin fenti kawai na iya. Hoton yana nan, mai awon ya tafi. Na tambayi Ya Kellu ko tana ganin za ka yafe mini, ta ce kai ba ka iya riƙo ba, ko wanda ya ɓata maka da gangan ba ka kwana da shi a rai. Na yarda da ita. Amma ba yafiyar ce take damuna ba, Baba Gana. Murnar da za ka yi ce, wadda na hana ka.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Mustafa ɗan Ibrahim. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Ka sa lomar da ya hana cikinsa ya ba baƙi ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ni ma ka yafe mini shiruna. Ka dube mu da rahama ka saukar mana da ruwa bana, mutanen Durum su koma gonakinsu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Kellu, Allah ya ba ki haƙuri ya saka miki da abin da kika yi mini. Ga ƙannena, yaran marigayin, Kolo da Kaka da Ado, Allah ya raya ku ya zama gatanku. Ga babana Malam Garba da ya rasa ƙane, da Malam Alkasum, da abokan aikinsa na garaji, da duk wanda wannan rashi ya taɓa, Allah ya ba mu juriya. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.