Gidan da Masu Ɗigo Ba Sa Shiga

A wurin aiki Uwar Kwalabe ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Tun tana da ƙuruciyarta take aiki a ɗakin gwaje-gwaje inda ake kawo bayan gidan yaran da ƙafarsu ta saki, a duba ko shan-inna ce. Ba aikin da ake faɗa a gaban abinci ba ne, shi ya sa in aka tambaye ta sana'arta a cikin taro sai ta ce kiwo take yi. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ƙwayoyin halitta take kiwo, irin ƙananan nan da aka gina jikin duk mai rai da su, a cikin kwalabe masu faɗin ciki da ake kwantarwa a akwatin ɗumi. Takan canza musu ruwan abincinsu mai ja-ja, ta rage su in sun cunkushe, ta leƙa su a madubin awo mai ƙara girman abu kowace safiya tun kafin ta gaida mutane. In suna lafiya sukan shimfiɗe a gindin kwalba, kowace ta riƙe 'yar'uwarta, sumul kamar sabon daɓe.

Abin tausayin shi ne don a kashe su ake kiwon su. In aka kawo bayan gidan yaro, sai a tace shi, a ɗiga kaɗan a kansu, a mayar akwati, a zuba ido. In babu ƙwayar cuta, za su ci gaba da zamansu. In akwai, da kansu za su faɗa.

Ta san ƙwayar shan-inna fiye da yadda ta san maƙwabtanta, kuma sanin bai ƙara mata komai ba sai tsoro. Ƙwayar ba ta da hannu, ba ta da baki, ba ta ci ba ta sha. 'Yar kwanso ce kawai da zare guda a ciki, zaren kuma umarni ne. Ta baki take shiga, ta sauka hanji, ta sami wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar halittar mutum wadda ta yi mata daidai, ta manne, ta zura zarenta ciki. Ita kuwa ƙwayar halittar, baiwar Allah, sai ta ɗauki umarnin baƙo ta karanta kamar nata, ta ƙera abin da aka ce ta ƙera: wani dogon sinadarin gina jiki, furotin, guda ɗaya, wanda shi da kansa yake yayyanka kansa gunduwa-gunduwa. Wata gunduwar ta je ta datse hanyar da mai gida ke karanta nata umarnin, wata ta zauna tana kwafar zaren, wasu su haɗu su zama sababbin kwanso. Baƙo ne da aka ba wurin zama ya karɓe murhu, ya sa mai gida tana yi masa girki har ta faɗi. Kafin ma'aikaci ya tashi daga aikin yini, guda ɗaya ta zama dubbai, ƙwayar halittar ta dunƙule, ta fashe, su watsu su nemi na kusa.

Amma ba wannan ne ke hana ta sakewa ba. Abin da ke ci mata rai shi ne yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga ba sa ko ciwon kai. Suna yawo, suna gaisawa, suna ɗaukar 'ya'yan mutane. Sai jefi-jefi ne takan ratsa jini ta kai ga laka, ta faɗa wa ƙwayoyin jijiyar da ke ɗaga ƙafa. Su kuwa waɗannan ba irin na kwalba ba ne da za a raba su sake cika. In sun tafi sun tafi ke nan.

Saboda haka ta kafa doka a gidanta, dokar da ta fi ta soja tsauri: in ta dawo daga aiki, ba mai taɓa ta sai ta yi wanka. A can ma fa tana sa safar hannu, ta bar farar rigarta a ƙugiya, ta wanke hannu har fatar ta yi fari. Duk wannan bai ishe ta ba. Takalmin aiki a bakin ƙofa yake kwana, jaka a rataye a ƙusa, ita kuma ta wuce banɗaki hannuwa a sama kamar wadda aka kama. Ɗanta, mai gyaran wutar lantarki, a haka ya tashi, har yakan ce shi bai san ƙamshin uwarsa ba, na sabulu ya sani. Da ya yi aure ya zauna da matarsa a ɗakunan baya, dokar ta hau kan surukar, daga baya ta hau kan jika.

Jikar ce ba ta san doka ba. Barewa ake kiran ta, don tun da ta tashi tsaye ba wanda ya ga tafiyarta, sai dai gudu. Da ta ji ƙarar ƙofa za ta sheƙo daga tsakar gida, hannu a buɗe.

"Tsaya nan, ƙawata," in ji kakar kullum. "Sai na yi wanka."

Yarinyar ta ja birki, ta tsaya a bakin banɗaki tana buga ƙafa, tana yi mata tsiya wai tsohuwa ta fi agwagwa son ruwa. In ta fito ta ɗauke ta, su shirya. Da safe kuma kafin ta fita, takan ɗiga mata man kifi a baki daga wata 'yar kwalba da take saya a kantin magani na bakin ma'aikatarsu, don ƙashi ya yi ƙwari.

Wata safiya aka kawo ruwan kwata. Akan ɗebo shi lokaci-lokaci daga manyan magudanan gari, don abin da mutane suka ɓoye, kwata ba ta ɓoyewa. Kwanaki kaɗan bayan an ɗiga shi, ta leƙa madubi ta ga daɓen ya ɓaci. Ƙwayoyin sun saki juna, sun dunƙule kamar ƙwan kifi, wasu sun ɓalle suna yawo a ruwa. Abokin aikinta, wani da ake ce wa Dogo, ya leƙa shi ma, ya yi tsaki.

"Daga wace kwata aka ɗebo?" ta tambaye shi.

"Babbar nan ta bayan makaranta."

Kwatar layinsu a can take zuba.

Ran nan da ta koma gida, wankan nata bai yi tsawo ba. Ta fito ta ɗauki Barewa ta ɗora a cinya, ta kama ƙaramin yatsanta. Masu ɗigon rigakafi sun zaga unguwa a makon, kuma duk yaron da suka ba sukan shafa masa tawada a farce. Farcen Barewa fes yake. Ta duba ɗaya hannun. Sannan ta kira surukarta.

"'Yar nan, masu ɗigo ba su shigo ba ne?"

"Sun zo, Mama. Daga ƙofa suka gaishe mu. Ai sun san gidan."

"Sun san gidan kamar yaya?"

"Sun san nan ne gidanku. Da sun zo sukan ce, a'a, nan gidan malamar shan-inna ne, su wa za su koya wa aiki? Su yi alamar allinsu a bango su wuce."

"To, a asibiti fa, ranar awo?"

Surukar ta yi murmushin wadda ke jiran yabo. "Can ma na ce musu kada su ninka mata. Na ce kakarta na ba ta kullum da safe, wanda take kawowa daga wurin aiki."

Uwar Kwalabe ta juya ta dubi 'yar kwalbar man kifi a kan taga. Wa za ta yi wa faɗa? Yarinyar nan ba ƙin rigakafi ta yi ba, yarda ta yi da ita. Masu ɗigo ba lalaci suka yi ba, girmama ta suka yi. Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, don tana ganin ana fita awo da goyo, kuma ba ta so a ce uwar miji ta fiye sa ido. Kowa ya bar wa wani, kowa da kyakkyawar niyya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ga shi kuwa a gidanta.

"Gobe da sassafe mu kai ta," ta ce. Sai a lokacin ta lura jikin da ke kan cinyarta ya fi nata zafi.

An kai ta, an ɗiga mata, amma kakar ta san lissafin da take tsoro: ɗigo na bukatar lokaci kafin jiki ya koyi faɗa, ita kuwa ƙwayar ba ta jira. Zazzaɓin ya yi kwana biyu ya sauka, gida ya yi ajiyar zuciya. Ɗanta har yana zolayar ta, wai Mama in ta ga kaza ta yi atishawa sai ta ce a kai kashinta awo. Ita ba ta yi dariya ba, don ta san cutar takan yi irin wannan lafawar. Zazzaɓin ya dawo da ciwon wuya. Wata safiya surukar ta tsayar da Barewa za ta sa mata riga, ƙafar hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinta kamar tsumma.

Aka kwantar da ita a asibiti, aka ɗebi bayan gidanta aka kai inda ake kaiwa, wato ɗakin da kakarta ke aiki. Likitar da ke shugabancin ɗakin ta kira ta gefe.

"Wannan ba ke za ki yi ba. Dogo zai yi. In kina so ki zauna a gida, ki zauna."

"In na zauna a gida, ranki ya daɗe, haukacewa zan yi."

Ba wanda ya nuna mata kwalaben. Ba ta kuma bukata. Dogo ya ajiye su can ƙurya a bayan akwatin ɗumi, kuma tun daga ranar ya daina haɗa ido da ita. Kwalabe biyu ne, kamar na kowane yaro. Ta farko ƙwayoyin mutum ne, waɗanda ƙwayoyin cutar hanji iri-iri ke iya kashewa. Ta biyu kuwa ƙwayoyin ɓera ne da aka dasa musu 'yar ƙofar nan ta mutum. Yawancin cututtukan hanji ba su da hanyar shiga cikinsu, sai mai neman wannan ƙofar, wato shan-inna. Duka biyun ita ta yi kiwon su da hannunta.

Ta farko ce ta fara lalacewa. Ta gani daga nesa, daga yadda Dogo ya daɗe a kan madubi.

"Ba lallai ita ce ba, Uwa," ya ce, bai ɗago ba. "Kin fi ni sani. Ƙwayoyi nawa ke yin haka?"

"Ɗayar fa?"

"Lafiya lau take."

Ta riƙe wannan maganar kamar igiya. Akwai wasu cututtukan da ke sakin ƙafa su bari ta dawo. Ta faɗa wa ɗanta haka, ta faɗa wa surukarta, wadda ta daina cin abinci tana ta cewa ita ta jawo. Ta faɗa wa kanta a kan sallaya. Tsoro dai bai bar ta ba. Duk sanda aka buɗe akwatin ɗumi sai ta riƙa ƙirga abin da ke faruwa a cikin kwalbar can in har da ƙwayar: yanzu ta manne, yanzu ta zura zare, yanzu ana kwafa. Ta yi fatan da ba ta san komai ba.

Da safiyar da ta shigo ta tarar da kwalbar ta biyu a kan madubi, Dogo tsaye a gefe hannu a aljihu, likita a bakin ƙofa, ba ta tambayi kowa ba. Ta sa safar hannu, ta zauna, ta daidaita madubin. Gefen dama daɓen na nan sumul. Ta matsa kaɗan zuwa hagu, sai ga su a dunƙule, suna ƙyalli, sun saki juna.

"Za a tura a tabbatar da irinta," in ji likitar a hankali.

"Na sani," ta ce. Ta mayar da kwalbar da kanta, ta rufe akwatin a hankali kamar kada ta tashi mai barci. Sannan ta cire riga, ta wanke hannu yadda ta saba, ta nemi izinin tafiya.

Rana na tsaka ta iso gida. A bangon ƙofa ga alamun allin masu ɗigo nan, sabo a kan tsoho, shekara da shekaru, kuma kullum ta nan take wucewa. Ta cire takalmi, ta rataye jaka a ƙusa, ƙofar ta yi ƙararta.

An sallamo Barewa daga asibiti, tana kan tabarma a inuwar tsakar gida. Da ta ji ƙarar ta yunƙura za ta tashi, ta koma. Sai ta kifa ciki, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara jan jiki, ƙafar hagu na bin ta a baya. Surukar ta taso za ta ɗauke ta, yarinyar ta ture hannunta. Ta ci gaba da ja har ta kai rabin tsakar gida, daidai inda take jan birki kullum, ta tsaya da kanta, tana haki.

"Kaka, je ki yi wankan," ta ce. "Ina jira."

Uwar Kwalabe ba ta je ba. Ta durƙusa a ƙasa da kayan da ta dawo da su, ta ɗauke ta, ta rungume.