Cigiyar Muryar Habu

Shekara tara ke nan da muka rufe ƙanena Habu a Magarya. Ban iya rubutu mai daɗi ba, karatun lakwal ɗina bai yi nisa ba. Ku yi haƙuri ku karanta haka nan, don ba ta'aziyya nake nema ba.

Habu na da kwamfuta a bakin kasuwa, odinatar babba mai gurnani kamar injin niƙa. Ran kasuwa mutanen Yekuwa da Dogo-Dogo suna layi, kowa da ɗan katin memuwar na waya a ƙulle cikin leda, a zuba masa wa'azi ko kiɗa. Wanda dabbarsa ta ɓace kuma, Habu ya ɗauki cigiya da muryarsa ya sake ta a lasifika: "Jama'a, jan sa mai karyayyen ƙaho, wanda ya gani don Allah!" Yana da wata ɗabi'a da nake yi masa faɗa a kai. Duk katin da ya cika, sai ya sa gaisuwarsa a farko. Ina ce masa, kai Habu, wa ya tambaye ka? Ya ce, Yaya, talla ce.

Sanƙarau ya ɗauke shi matarsa na da ciki. Na gaji shagon. Ban gaji layin ba. Wayar salula mai shafawa ta shigo, yaro ya kara tasa da ta abokinsa, kiɗa ya wuce. Sa ya ɓace, a jefa hotonsa a waya, kafin la'asar an gan shi. Na zauna ina gadin na'ura kamar mai jinya, har ranar da na danna ta ƙi tashi. Na lulluɓe ta da zane na koma noman wake.

Da Habu zai leƙo yau, na san shi, ba zai yi fushi kamata ba. Shi zai fara sayen salular, ya yi mini dariya. Abin da ba zai yafe ba shi ne wannan da zan faɗa.

Bayan girbin bana uwar ta kawo mini ɗiyarsa Rabi, wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Ta miƙo mini wayar uwarta da hannu biyu. "Baffa, an ce muryar babana na cikin akwatin nan. Ka sa mini."

Na ɗora akwatin kwamfutar a moto, wato babur, na zaga Magarya. Rumfunan gyara sun fi na da yawa, amma duk na salula ne. Wani ya ce, "Baba, ai wannan sai masu sayen ƙarfe." Na kai Dungas, haka. Na kai Damagaram, wani dattijo ya buɗe cikinta, ya ce abin da ke riƙe da ajiyar ya ci tsatsa, ko aya ɗaya ba za ta fito ba. Shekarun da take lulluɓe a ɗakina, ashe gawa nake gadi.

Na dawo na gwada kwaikwayonsa, tunda an ce muryarmu ta yi kama. Rabi ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ai kai ne."

To me ya rage na Habu? Shagon, mai cajin waya ya shige shi. Hotonsa ɗaya ne, na katin ɗan ƙasa, ya koɗe. Sai gaisuwar nan da nake zaginsa a kanta, wadda ya watsa cikin ƙauyukanku.

Don haka ni ma cigiya na zo yi. Mutanen Yekuwa, mutanen Dogo-Dogo, duk wanda ya taɓa tsayawa layin nan: ku duba gwangwanin allura, ku duba aljihun tsohuwar riga, ku duba matacciyar wayar da yara ke wasa da ita. Kati ne ƙarami kamar farce. In kun sa shi kuka ji namiji ya ce "Salamu alaikum, Habu ne na bakin kasuwa," don Allah kar ku goge. Ku tambayi yayansa ran kasuwa, kowa ya san ni. Akwai yarinyar da ba ta amsa wannan sallamar ba tukuna.