Yadda na mayar da in'inar mahaifina abin dariya a jami'a

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise ta Magaria, ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, mai kunya, wanda Faransancinsa na takarda ne ba na baki ba. Da na isa Damagaram, sati uku na yi ba wanda ya tambaye ni daga ina nake. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci.

Akwai wata fada da ke zama gindin dogon yaro bayan darasin safe, ƴaƴan ma'aikata da ƴan kasuwa. Yau in na tuna su tsaki nake ja. Shugabansu shekararsa ta uku ke nan a aji ɗaya, amma baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa, sauran kuwa sai sun dubi takalmin mutum kafin su amsa sallamarsa. Waɗannan marasa aikin yi ne nake gani kamar su ne jami'ar. Ranar da suka kira ni don su ari littafina su kwafa, suka miƙa mini shayi, suka tambayi garinmu. Da na faɗa suka fashe da dariya. Maimakon in tashi, sai na ba su labarin jakin maƙwabcinmu da ya shiga ajin firamare ya ƙi fita. Suka yi ta tafawa. Daga ranar na sami wurin zama a tabarmarsu, kullum da labarin da zan biya kuɗin shayina da shi.

Labaran jakai suka ƙare, sai na taɓa abin da bai kamata ba. Mahaifina yana da in'ina mai tsanani. Ina ƙarami an yi taro da mutanen meri, wato hukumar gari, kan rijiyar unguwarmu da ta rufta, ya miƙe don ya yi magana a madadin jama'a, kalmar rijiya ta maƙale masa. Ya tsaya yana gumi, yana buga ƙafa a ƙasa, har ya fitar da ita. Ranar na yi kuka a bayan zana. Wallahi da niyyar gaskiya na fara ba su labarin, ina zaton in na buɗe musu cikina za su ɗauke ni nasu. Amma ina kwaikwayon yadda harshensa ya sarƙe, suka kwashe da dariya har wani ya zubar da kofinsa. Ni kuma, wawa, na miƙe tsaye na buga ƙafa, na ƙara gishiri. Ban damu da wayar da wata daga cikinsu ta ɗaga ba.

Kafin sati biyu bidiyon ya bi wayoyi ya kai Magaria, ya kai Dungass, ya sauka hannun ƴan kabu-kabun tasharmu. Yayata ce ta kira ni. Ta ce Baba ya daina zuwa kasuwa, don in ya wuce samari sai su riƙa buga ƙafa a bayansa. Ta tambaye ni ko karatun ke nan, ta kashe wayar.

Na je fadar na roƙe su su goge. Mai tabarau ya ce ban waye ba, kamata ya yi in gode musu da suka sa aka san ni. Mai wayar ta tambaya ko mahaifiyata ma tana da wani abin ban dariya. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban ga mutum ko guda ba.

Da aka ba da hutu na tarar da Baba da hantsi yana gyaran rumbu. Na durƙusa a gabansa. Shi ya fara magana, kuma sai da na jira kowace kalma ta fito, kaina a ƙasa. Ya ce a wayar maƙwabci ya gani. Ya ce na fi yaran tasha iyawa. Sannan ya ce: “Da can in kana kallon bakina, na ɗauka maganata kake saurare.” Ya ce ya yafe, in je in gaida innata. Ya yafe ɗin, amma har yau bai sake miƙewa a taro ba. Ko a sunan jikansa ƙanensa ya sa ya yi wa baƙi godiya.

Na gama jami'a, ina koyarwa yanzu a wajen Bande, ban san inda ko ɗaya cikin ƴan fadar nan yake ba, ba na kuma son sani. Raina su da nake yi bai kai raina kaina ba, don su baƙo suka yi wa dariya, ni kuwa ubana. Ƙannena masu shirin tafiya jami'a, kaɗaicin makonnin farko yana da zafi, amma yana wucewa. Ku ba da labarinku ga wanda in kun kai wurin ciwo zai yi shiru. Ciwon iyayenku kuwa ba naku ba ne balle ku kai shi majalisa.