Bencin Kawu Gyara

A firamarenmu, wanda ubansa ya iya yi masa benci shi ke zama a gaba. Sauranmu kuwa sai ƙasa, can bayan aji, muna kallon ƙeyar 'ya'yan masu hali. Har na shiga aji uku ban taɓa ganin ƙasan allo ba. Malama ta ce ba na ganewa. Baba ya ce in na sake faɗuwa jarrabawa, ni da makaranta sai labari, in zauna in taya Inna wanki.

Kafintan layinmu, wanda muke kira Kawu, gajere ne mai fensir a bayan kunne, kullum gemunsa da garin katako. Bai yi boko ba, amma tambaya gare shi kamar alƙali. Ranar da ya gan ni ina kakkaɓe siket ina kuka, sai da ya ji komai.

A makon ne mai kantin magani ya ba shi aikin bencin 'yarsa da ke ajinmu, na mutum ɗaya. Kawu ya kai masa na mutum biyu.

"Malam kafinta, ai wannan ya yi tsawo. Mayar ka yi gyara."

"Gyara? An gama, ranka ya daɗe."

Ya koma shago ya ƙara katako. Benci ya dawo na mutum huɗu!

"Haba! Ba gyara na ce ka yi ba?"

"Ita na yi. Ko mai tumatir aka ce ta yi gyara, ƙarawa take yi, ba ragewa ba. Kuma ba a biyan gyara."

Mai kanti ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a kai shi haka nan.

Da safe 'yarsa ta zauna a gefe guda, ta waiwayo ta ce, "To, me kuke jira?" Mu uku muka haye. Wayyo daɗi! Ashe har ƙasan allo ake rubutu! Ashe amsar lissafi a can take, ƙarƙashin layi! Na yi ta karantawa da ƙarfi har Malama ta ce in bar wa wasu.

Daga ranar sunansa ya koma Kawu Gyara, kuma ba wanda ya sake samun gajeren benci a hannunsa.

Ranar sakamako ban san lokacin da na iso gida ba don gudu. Baba ya duba, ya sake dubawa, ya leƙa wajen Inna.

"Sai ki nemi wata mai taya ki wanki. Wannan ta tafi aji huɗu."